Ɗalibin Ɗakin Baya

Aikina a makarantar sakandare shi ne in zauna da ɗaliban da suka gama, mu duba sakamakonsu, mu ga inda ƙafarsu za ta iya kai su. Masu ƙwaƙwalwa kamar wuta ba sa buƙatata, jami'o'i ne ke rububinsu. Waɗanda suka faɗi warwas kuwa, iyayensu sun riga sun san inda aka kwana. Nawa su ne 'yan tsakiya, waɗanda ba su faɗi ba, ba su kuma yi fice ba. Su ne suka fi yawa a kowane aji, su ne kuma iyaye suka fi gana wa azaba. Cikinsu har da ɗan yayata, wanda muke kira Siriri, kuma saboda shi na zauna rubuta wannan, don abin ya ƙi fita daga raina.

Ranar da sakamakonsa ya fito na je gidansu da yamma. Muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ni da shi da Yaya, wato mahaifiyarsa. Na duba makinsa na ce masa gaskiya ba tare da kwana-kwana ba.

"Siriri, manyan jami'o'i ba za su kalle ka ba. Ko da an cusa ka, ɓacewa za ka yi cikin dubban ɗalibai, malami bai san sunanka ba, kai kuma ba ka iya ɗaga hannu ka yi tambaya ba. Amma akwai kwalejoji matsakaita da za su karɓe ka hannu bibbiyu. Ajinsu bai cika maƙil ba, in ka yi fashi za a tambayi lafiyarka."

Na lissafa masa uku da makinsa ya isa: ta aikin gona, ta kiwon lafiya, da ta fasaha da ke nan cikin gari, kan hanyar kasuwar katako. Ta gona ya ce shi ko kaza tsoronta yake. Ta lafiya ya ce in ya ga jini kansa juyawa yake. Da na ce ta fasahar tana da sashen zanen gine-gine, sai ya yi murmushi. Yaron nan tun yana ƙarami babu bangon gidan da bai sha gawayinsa ba.

Mahaifinsa, wanda kowa ke kira Mai Katako saboda sana'arsa, ya dawo ya same mu. Tsakanina da shi akwai tsokana tun ranar da ya auri yayata.

"Malama sarkin iyayi, me kuma kika zo saƙa mana?"

"Baban Siriri, ɗanka na zo sama wa makoma, tunda kai in ban da tsawon katako ba abin da ka sani."

Ya yi dariya, ya saurari bayanin, ya ce Allah ya sa albarka. Har ya ƙara da cewa abin ya yi daidai, ɗa ya zana gida, uba ya sayar da katakon rufi. Kwalejin ta ba Siriri gurbi ba da jimawa ba. Da a nan maganar ta tsaya, da ban ɓata takarda ba.

Mai Katako yana da ƙane, ana ce masa Ƙarami, mai shagon kayan gyaran mota. Ban taɓa ganin 'yan uwa biyu masu leƙen juna kamar su ba. In Ƙarami ya shafa wa ƙofarsa fenti, Mai Katako sai ya shafe gidansa duka. In Mai Katako ya sauya tayoyi, Ƙarami sai ya sauya mota. A baki kuwa, wannan ya ce "Yaya", wancan ya ce "ƙanena", ba ka jin komai sai girmamawa. A shekarar nan 'yar Ƙarami, yarinya mai ƙoƙari ƙwarai, ta samu karatun likita a babbar jami'a, uban ya tara dangi a gidansa cin abinci.

Ina wurin. Ƙarami bakinsa har kunne, yana zagayawa yana cewa, "Ku gaisa da Likita." Mai Katako yana zaune a kujerar da aka ware masa ta babban wa, yana taɓa abinci kamar an zuba masa magani. Duk wanda ya ce masha Allahu sai ka ga jijiyar wuyansa ta motsa. Can wani dattijo cikin dangi ya juyo.

"Af, shi kuma Siriri ina ya samu?"

Siriri yana tsaye da buta yana zuba wa baƙi ruwan wanke hannu. Ya buɗe baki zai amsa, uban ya riga shi.

"Injiniya zai karanta. Jami'ar da ta ɗauke shi tana da nisa, ta ma fi wannan girma. Ba mu so yin surutu ba ne."

Aka ɗauki kabbara da barka. Ƙarami ya taso ya rungume yayansa. Ruwan butar ya ci gaba da zuba a ƙasa har sai da wani ya taɓa hannun yaron.

Na ɗauka suɓutar baki ce, za a kwana a gyara. Washegari na je na tarar an kwashe tarkacen ɗakin baya, inda suke ajiye gwangwanayen fenti da tsohon keken ɗinki, an jefa katifa. Ɗakin tagarsa ɗaya ce, ita ma bangon maƙwabta take kallo.

"Wa za a sauke a nan?" na tambayi Yaya.

Ta kasa haɗa ido da ni. Mai Katako ne ya amsa daga ƙofar falo.

"Siriri. Shekara ɗaya ce tak. Zai zauna ya yi karatu ya sake jarrabawa, ya ci babbar jami'a, maganata ta zama gaskiya. Wa ya yi asara?"

"Gurbin da ya samu fa?"

"Wannan 'yar kwalejin? Kan hanyar kasuwata take. Kina so kowace safiya abokan sana'ata su riƙa ganinsa da allon zane, 'yar Ƙarami kuwa tana can da farar riga? Ni na koya wa Ƙarami kasuwanci. Ni na riƙe hannunsa. Ba zan zauna ɗana ya zama ɗan kallo a gaban 'yarsa ba."

Na faɗa masa maganganun da ban taɓa faɗa wa babba ba. Ya yi kunnen uwar shegu da ni. Abin da kawai na iya shi ne na je wurin magatakardan kwalejin, na roƙe shi ya ajiye wa yaron gurbinsa. Mutumin kirki ne. Ya ce suna ɗaga wa ɗalibi ƙafa zuwa shekara mai zuwa, amma sau ɗaya kawai, kuma dole yaron ya zo da ƙafarsa kafin a rufe rajista, in ba haka ba a miƙa wa na bayansa.

Lokacin da ɗalibai suka fara tafiya makarantu, aka yi wa Siriri rakiya har bakin titi da akwati, maƙwabta suna ɗaga masa hannu. Uban ya zagaya da shi gari, ya shigo da shi ta ƙofar baya a kwance cikin motar katako, an lulluɓe shi da tamfol.

Daga nan gidan ya koyi sabbin dokoki. An ɗauke takalmansa daga bakin ƙofa. Kayansa in an wanke, cikin ɗaki ake shanya su, kada wata ta leƙo ta katanga ta ga rigar saurayi a igiya. Uban ya karɓe wayarsa, wai abokai za su kira su ji muryar mai tallan unguwa a bayansa. Yayyensa mata duk suna gidajen mazajensu, ba a gaya musu ba, don haka ko su suka zo sai ya shige ya ja ƙofa. In aka yi sallama, ko banɗaki yake so ya shiga, sai ya daure har baƙo ya tafi. Kuma kun san baƙin mata in hira ta yi daɗi.

Wata rana na iske maƙwabciya a falo tana tambayar labarinsa. Yaya ta ɗauki waya ta kara a kunne.

"Siriri, kana lafiya? Ka ci abinci? Ga maman su 'yan biyu tana gaishe ka. To, a dage da karatu."

Tsakaninta da shi bango ɗaya ne. Bayan matar ta fita na ce, "Yaya, ba ki ji kunya ba?"

Ta fashe da kuka. "Ki rufa mini asiri. Ya ce ranar da maganar nan ta fita, ni ma in bi ta. Ina zan je da furfurata? Kuma yaron me ya rasa? Ci yake, sha yake, ga littattafai an jibge masa. Wasu ma nema suke ba su samu ba."

Na shiga wurinsa. Yana zaune kan katifa, littafin lissafi a buɗe a cinyarsa, idonsa na kan bango. A watannin farko ya riƙa zane a bayan takardu, gidaje masu manyan tagogi, yana nuna mini yana bayani. Ya tambaye ni ko abokansa sun fara zuwa kwalejin, ko sun ce da wuya. Na ce gurbinsa na nan, ya yi haƙuri. Ya ce, "Inna, ai Baba ya ce shekara ɗaya ce."

Da hutu ya zo aka sake wasan. Da sassafe aka fitar da shi cikin tamfol zuwa tasha, ya hau tasi ya dawo da akwatinsa kamar wanda ya sha hanya. Mutanen layi suka yi ta cewa karatu ya ramar da shi, ya kuma yi haske. Yaro ya yi watanni rana ba ta taɓa shi ba, ina zai ƙi haske?

A hutun nan Ƙarami ya kawo 'yarsa gaisuwa. Yarinyar ba ta da mugun nufi, murna take ta samu wanda za su yi hirar makaranta.

"Yaya Siriri, ku nawa ne a ɗaki? Mu har layin ruwa muke bi. Wane darasi ya fi ba ka wuya?"

Gumi ya karyo masa. Ya dubi uban. Uban ya amsa masa duka, har da sunayen darussan da shi kansa bai san ma'anarsu ba. Ƙarami yana gefe yana kaɗa makullin mota, yana ƙara jefo tambaya duk sanda hirar ta so mutuwa. Da za su tafi ya sa aka shigo da kwali cike da madara da sukari da sabulu.

"A kai wa ɗalibinmu, Yaya. Zaman nesa da gida sai da guzuri."

Mai Katako ya yi godiya da haƙora a cije. Suna fita ya shuri kwalin, ya ce wato Ƙarami yana nufin shi ba zai iya ciyar da ɗansa ba. Ranar da aka koma makaranta ya je ya sayo kwali biyu ya aika wa Likita.

Zango na biyu ya fi na farko muni. Haƙori ya kama Siriri, kumatunsa ya kumbura har ido ya ƙanƙance. Asibitin unguwa ba shi da nisa, amma matar da ke karɓar marasa lafiya a can 'yar layinsu ce. Aka yi ta ruwan gishiri da kanumfari. Na ce zan kai shi wani asibitin can ƙarshen gari, uban ya ce ko'ina akwai idon sani, ya sayo ƙwayoyi a kemis ya miƙa ta ƙofa. Yaron ya riƙa cusa kansa cikin matashi in zafin ya taso, don kada nishinsa ya haura katanga. Haƙorin ya ruɓe a bakinsa har ya karye da kansa.

Jarrabawar da aka ɗora wa rai ta zo. Sauran masu sakewa suna zuwa darasin share fage, suna tambayar malamai, shi kuwa daga shi sai bango. Aka yi masa rajista a wata cibiya mai nisa, aka kai shi cikin tamfol. Da sakamako ya fito, bai ko kai na bara ba.

Ina tsakar gida na ji uban yana faɗa a ɗakin baya, da murya ƙasa-ƙasa, don ko faɗan ma a ɓoye ake yinsa.

"Me ban yi maka ba? Ko tsinke ba ka ɗagawa a gidan nan. Yarinya mace ta fi ka zuciya! Ka san abin da nake ji in na ga Ƙarami?"

Siriri ya daina zane tun kafin nan. In na shiga sai in same shi a kwance ya juya wa ƙofa baya, abincin rana na nan a rufe har na dare ya same shi.

Na tari Mai Katako na ce, to, shekarar ta cika, an gwada ba a dace ba, kwalejin fasaha ta buɗe rajista, a bar yaro ya tafi.

"Ke wai ba ki da lissafi ne? A idon mutane aji biyu zai shiga. Ta yaya ɗan aji biyu a babbar jami'a zai dawo aji ɗaya a ƙaramar kwaleji? Sai a ce koro shi aka yi. Ya ƙara shekara ɗaya."

A nan na gane cewa ƙaryar girma take yi tare da yaron, kowace shekara ita ma sai ta ci jarrabawa ta wuce gaba. Na yanke shawarar da Yaya ta sha roƙona kada in yanke. Tunda duk abin don Ƙarami ake yi, in Ƙarami ya sani, babu sauran abin ɓoyewa. Na same shi a shagonsa yana shan shayi cikin ƙarafa da ƙaurin baƙin mai.

"Baban Likita, wata magana na zo da ita mai nauyi. Siriri ba ya wata jami'a. Yana ɗakin baya na gidan yayanka tun bara."

Ya kurɓi shayinsa ya ajiye kofin a hankali.

"Malama, ai na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun watan farko. Na je gaishe da yayana na ji tari a ɗakin baya, tarin da na sani tun yaron yana zanen goyo. Kuma mai tasin da ke ɗauko shi daga tasha a wurina yake sayen kaya. Ke kina ganin akwai wanda bai sani ba a layin nan? Tela ya sani, mai shago ya sani. Kara ake yi wa yayana."

"To ka je ka ce masa ka sani. Kalma ɗaya daga bakinka, yaron nan ya fito. Rajista ta kusa rufewa."

"Haba Malama. Yayana ne fa. In dube shi in ce ya yi ƙarya? Ba a yi mini wannan tarbiyyar ba."

"Amma an yi maka tarbiyyar kai kwalin madara."

Ya yi 'yar dariya, irin wadda ba ta kai ido ba. Ya juya kofin a kan tebur.

"Kin san shekara nawa yana gaya wa mutane shi ya yi ni? Ko a gaban surukaina sai ya faɗa. Ranar da na buɗe shagon nan cewa ya yi in na karye in dawo ya ba ni aikin dako. Ni ban sa shi ya kulle ɗansa ba. Shi ya ɗaura wa kansa, sai ya kwance da kansa."

Na fito cike da takaici. Na wuce kasuwar katako kai tsaye, na ja Mai Katako gefe, na ce masa ƙanensa ya sani, layi duka ya sani, yaron yana ruɓewa a banza. Fuskarsa ta yi fari, na ɗauka ya sauko. Sai ya murtuke.

"Ƙarami ne ya turo ki ki bugi cikina. Da ya sani da ya faɗa, ai ba ya iya riƙe abin da zai ƙona ni. Baƙin ciki yake, nasa mace ce, nawa injiniya. Ke kuma daga yau kada in sake ganin ƙafarki a gidana."

Ranar ƙarshe ta rajista na ɗauki tasi da safe na nufi gidan, hani ko babu hani. Na riga na aika wa Siriri ta bakin Yaya cewa ya shirya. Ita kuma, don tsoro, ta gaya wa mijin. Shi ya sa da muka shawo kwanar layin na ga bai je kasuwa ba. Ya fito da benci ƙofar gida, ya tara tela da mai shago da wasu dattawa biyu, an dafa musu shayi. Bai hana ni shiga ba. Ya san abin da ya shirya.

Siriri yana tsaye a tsakiyar ɗakin baya, ya sa riga mai tsabta wadda ta yi masa yawa, jaka a hannu. Ƙofar ba a kulle take ba, ba a ma taɓa kulle ta ba. Yaya tana durƙushe a bakin murhu tana share hawaye da gefen mayafi.

"Inna, da mutane a waje," ya ce mini.

"Sun sani, Siriri. Duk sun sani. Ka gaishe su kawai ka shiga mota. In an tambaye ka, ka ce kwalejin fasaha za ka."

Ya bi ni. A tsakar gida ya kare idonsa da hannu saboda rana. Muka fita, hirar benci ta tsaya cak. Tsakaninsa da tasin bai fi tsawon tabarma ba, direba har ya buɗe ƙofa.

Tela ne ya fara magana, da fara'arsa, wai shi a dole mai rufa asiri.

"A'a! Ɗan jami'a! Yaushe a gari?"

Siriri ya tsaya. Ya dubi motar, ya dubi ubansa. Mai Katako bai harare shi ba, da ma hararar ya yi da ya fi sauƙi. Idanunsa ne suka kaɗa, yana kallon ɗansa kamar mai roƙo a bakin ƙofa.

"Jiya," in ji Siriri. "Jiya da yamma."

"Madalla. Ya karatu?"

"Alhamdu lillahi."

Uban ya miƙe da sauri ya karɓi jakar daga hannunsa. "Malamansu ne suka shiga yajin aiki, kun san halin manyan jami'o'in nan. Shiga ka huta, ka sha hanya."

Dattawa suka gyaɗa kai suna Allah ya kyauta. Na kira sunansa, na sake kira. Bai waiwayo ba. Direba ya jira ni har ya gaji, ya ce, "Malama, tafiya za mu yi ko sauka kika yi?"

Gurbin an ba wata yarinya da ke bayansa a layi. Ina ganinta wani lokaci da safe da allon zane a hammata, tana sauri, kuma Allah ya sani ba ta yi mini komai ba amma sai na kau da kai.

Mutane suna cewa ƙyashi mai shi yake ci. A gidan yayata ban ga haka ba. Mai Katako yana nan da tumbinsa, Ƙarami ya ƙara buɗe shago, suna gaisawa da juna da "Yaya" da "ƙanena" kamar kullum. Wanda aka cinye yana ɗakin baya. Yaron nan bai yi sata ba, bai faɗi jarrabawa ba, laifinsa kawai ya zo a tsakiya, a gidan da ba a san darajar tsakiya ba. Kuma ba uban kaɗai nake tuhuma ba. Duk wanda ya zauna a bencin nan ya ce ya karatu, da hannunsa a ciki. Sun ga girman furfura, sun tausaya wa fuskar babba, ba wanda ya tausaya wa shekarun yaro. Ku masu 'ya'ya 'yan tsaka-tsaki, in kwaleji matsakaiciya ta buɗe musu ƙofa, ku bar su su shiga, ku je ku yi gasarku da fenti da motoci.

A lissafin layin, Siriri yanzu yana shekarar ƙarshe. Ba a ƙara maganar sake jarrabawa ba. Kwanan baya na haɗu da tela a bakin titi, ya ce mini Mai Katako ya kawo masa baƙin yadi, yana so a ɗinka rigar kammala karatu da hularta, za a ɗauki hoto a rataye a falo, don Ƙarami ya rataye na Likita da farar riga. Na ce to ya aka yi da awo, tunda ɗalibi yana can nesa? Ya sosa ƙeya ya ce shi da kansa ya shiga ɗakin baya ya auna shi. Ya ce yadin ma zai yi saura da yawa, don yaron yanzu ba shi da kafaɗa.